Hausar Coci a Gidan Inna

Inna na tankaɗe a tsakar gida, matar ɗanta ta durƙusa ta ce, "Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ki, Inna."

Inna ta dire rariya. "Kafinta, fito ka ji. Yau ma an fara mini wa'azi."

Kafinta, ɗanta tilo, ya shigo daga shagonsa na ƙofar gida, garin katako har gira. Amaryarsa Kirista ce, yarenta daban. 'Yar Hausar da ta iya a coci ta tsince ta, inda ƙabilu ke haɗuwa su yi addu'a da Hausa. Ta san jinƙai, ta san ceto, amma ba ta san ludayi ba.

"Inna, gaisuwa ce fa. Iyakar Hausarta ke nan."

"Gaisuwa? Jiya na ce ta miƙo wuƙa, ta ce mini amin. So take ta raba ni da salla, gobe ta raba jikokina da ita. Ka sallame ta kafin Juma'a, in ba haka ba ban yafe nonona ba."

Kafinta ya juya ya wuce ciki. A ɗaki amarya ta riƙe bakin rigarsa, da Turancin da ya haɗa su ta tambaya ko korarta zai yi. Ya ce "sori" kawai, ya kau da kai. Tuwon ranar babu wanda ya taɓa.

Ran Laraba Inna ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya goce. A asibiti aka kwantar da ita, ba tashi, ba juyi. Kafinta ya tafi neman magani. Inna sai duban taga take, rana na ta yin ƙasa, nas ɗin da ke ɗakin kuma ba ta jin Hausa. Tun da ta yi wayo salla ba ta taɓa wuce ta ba. Hawaye ya gangaro mata har kunne.

Sai ga amarya da buta da roba. Ta sa ƙarfi ta juya gadon.

"Inna, alwala. La'asar. Alƙibla nan."

"Wa ya koya miki waɗannan?"

"Ke. Kullum ina ji."

Ta tallafo kan tsohuwar, ta laluba cikin abin da ta iya, ta ce, "Ki yi sujada ga Ubangiji. Ni zan riƙe ki."

Da Kafinta ya dawo, ya toge a ƙofa, ledar magani a hannunsa.

"Inna, maganar Juma'a..."

"Wace Juma'a? Ka tsaya kamar an dasa ka, 'yata tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Wuce ka samo mata abinci."

'Yan mata, ku riƙe wannan: haƙuri ba ya ɓata, kuma kafin ku yanke wa mutum hukunci da bakinsa, ku dubi aikin hannunsa.