Shebur a Kabarin Linford

Ana yayyafi Icilda ta raɓe a bayan katangar maƙabartar Handsworth a ƙasar Turawa, ɗan ƙullin kayanta a ƙirji, tana hangen gawar mijinta kamar baƙuwa. Tun daga Jamaika ta biyo Linford, ya samu aikin kwandastan bas, suka tsuguna a ɗakin ƙasa na gidan yayansa Cuthbert. Hunturun nan Cuthbert ya ɗauke musu rishon ɗumama ɗaki, sanyi ya kama ƙirjin Linford, ya yi ta tari har rai ya yi halinsa. Gawa ba ta huce ba Cuthbert ya baza a coci cewa ita ta sayar da rishon don kwalliya, ya watso mata kayanta titi, ya hana ta jana'iza. Matan da take yi wa kitso suka daina amsa gaisuwarta... Wayyo, wa zai yarda da marainiya a ƙasar wasu?

"Ya Ubangiji, kai kaɗai ka gani," ta ce, hawaye na zuba.

Mutanenmu na Jamaika ba sa barin ma'aikatan maƙabarta su rufe musu gawa. Dangi ke karɓar shebur ɗaya bayan ɗaya, ana waƙa har kabari ya cika. Cuthbert ya miƙa hannu, sai Harold, Baturen direban bas ɗin da Linford ke bi, ya riga shi ɗauka.

"Ina matarsa? Na ɗauka ita ce farko."

"Wannan muguwar? Malam, ka tsaya a sitiyarinka. Ita ta sayar da rishon."

"Koren rishon nan? Ai ni na kama maka muka hau da shi ɗakinka. Ka ce sabo za ka saya musu."

Waƙa ta ɗauke. Mama Etta, babbar matan coci, ta dubi Cuthbert. "Ɗan nan, a ɗumin ƙaninka kake kwana?" Ta taka da kanta har bayan katanga. "Zo, 'yata, ki yafe mana..."

Icilda ta zuba ƙasar farko. Shebur ya zaga kowa, ya tsallake Cuthbert.

Mama Etta ta riƙe Icilda kamar 'yar cikinta. Da Harold ya tsufa ya mutu, 'ya'yansa Turawa suka karɓi shebur, Icilda na ja musu waƙa. Shi kuwa Cuthbert, ranar tasa ma'aikata ne suka tura masa ƙasa, ba waƙa, ba kowa.