Hoton Kakar Dasom

Ku yi mini afuwa, ni karatu kawai na iya, ban taɓa rubuta labari ba sai yau. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

"Wa ya sa hoton nan?"

Dasom ce ta tambaya. A jikin allo ga Kakarta nan, baya a tanƙware, tana hawan matakalar unguwarsu ta kan dutse da buhun kabeji a goye. A ƙasa an rubuta: Waɗanda asibiti ya manta da su.

Gobe ne gasar ɗaliban jami'o'in birnin Busan, wadda ake haɗa 'yan fannoni daban-daban a ba su matsalar lafiyar jama'a su nemo mafita. Ta bana ita ce tsofaffin kan dutse da hawan jini ke kayarwa, asibiti kuwa yana can ƙasa. Dasom jinya take karanta, saurayinta Wonjae likitanci, Hyeran kuma kasuwanci, ita ce shugabarsu don ta riga kowa shiga jami'a.

"Ni na sa," in ji Hyeran tana murmushi. "Alƙalai ba sa kuka a kan lissafi, ƙanwata. Fuska suke so."

"Yaya, Kakata ce fa..."

"Shi ya sa ya yi ma'ana. Wonjae ne ma ya turo min. Ko ba haka ba, Wonjae?"

Ya sunkuyar da kai.

Dasom ce ƙarama a cikinsu, ƙarami kuwa ba ya ja da babba a gaban mutane. Ta rusuna, ta fita. A bakin matakala Wonjae ya cim mata.

"Masoyiya, tsaya mana. Tsayin matakalar nake so Hyeran ta gani, shi ke nan."

"Ka tuna ranar da ka ɗauki hoton? Cewa Kaka ta yi ka jira ta shirya. Ta rina gashi, ta ciro rigar silikin da ta yi shekaru a akwati, don ta ɗauka Mamarka za ka kai wa hoton. Ina wancan hoton da ka ɗauka bayan ta shirya?"

"Yana wayata."

"Ka nuna wa Mama?"



"Kin dai san halin Mama..."

"Na sani. 'Yar kan dutse ba ta dace da gidan likitoci ba, Hyeran ce ta dace. To je ka ce ta cire hoton."

"Gaba take da ni, Dasom. Yaya zan kunyata ta?"

"Ita ba ta kunyatuwa, Kakata ce ke kunyatuwa ke nan?" Ta share ido da bayan hannu. "In hoton nan ya fito gobe, ni da kai mun gama."

Washegari ɗakin taro ya cika. Mahaifiyar Wonjae na layin gaba, Hyeran har da zuwa ta karɓar mata jaka. Dasom na tsaye a ƙarshen layinsu. Da aka zo kan Wonjae ya danna maɓalli, sai ta runtse ido.

Ta ji ɗakin ya yi tsit.

Ta buɗe. Kaka ce a jikin allo, amma cikin silikinta, gashi baƙi wuluk, haɓa a sama kamar mai jiran a gaishe ta.

"Wannan Kaka Malsun ce," in ji Wonjae. "Kullum tana hawan matakalar da ni sai na huta a hanya. Ba ta ce a tausaya mata ba. So take a kawo awon jini gidan wankan unguwa, inda suke haɗuwa da ƙawayenta. Jikarta ce ta kawo shawarar." Ya juya ga layin gaba, ya rusuna. "Mama, hoton nan naki ne. Aiko ni aka yi da shi, na ji tsoro na riƙe."

Ba su ci gasar ba. Alƙalai sun yaba shawarar, suka ce amma an saki layi. Hyeran ta tattara kayanta ba sallama. Mama ta nufi ƙofa fuska a ɗaure, sai ta tsaya kusa da Dasom, ba tare da ta dube ta ba.

"Ki ce wa Kakarki na gani," ta ce, ta wuce.

Ranar Asabar Wonjae ya hau dutsen yana haki. Ya durƙusa gaban Kaka har goshinsa ya taɓa ƙasa, ya faɗa mata komai. Dasom na jingine da ƙofa, ta ƙi kallonsa.

"Wanne mutane suka gani?" in ji Kaka.

"Mai kyan, Kaka."

"Gashin ya fito?"

"Sosai."

"To tashi, likitan banza. Akwai buhun kabeji biyu a ƙasan matakala. Ke kuma daina kumbura baki, bi shi kar ya faɗi."

Dasom ta bi shi tana mita, amma a tsakiyar matakalar ta bar shi ya riƙe mata hannu.

Ni kam bari in ajiye alƙalamin nan in sulale ta baya, tun kafin Kaka ta hango ni ta ce da buhu na uku.