Lahadin da Songmit Ta Miƙe

"Ɗan Harka Mukhia? Duk samarin Kalimpong ki rasa wanda za ki kawo mini sai ɗan Harka?"

Amu ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji, tana duban 'yarta kamar yau ta fara ganinta. Songmit ta tura ƙofar kicin, ta durƙusa kusa da mahaifiyar tata.

"Ba aurensa zan yi ba, Amu. So nake a taru a coci, a kira sunana da nasa, sannan in faɗa wa kowa abin da ubansa ya yi mana."

Shekara ashirin da biyu ke nan da abin. A unguwarsu ta gangaren dutse, gidajen ƙabilar Lepcha da na 'yan Nepali manne suke da juna, coci ɗaya ake zuwa, famfo ɗaya ake ɗiba. Songmit 'yar Lepcha da Dipen ɗan Harka, ɗan Nepali, tare suka taso, tare suke tsinkar lemu a gonar babanta Ongdup, tare ake zane su. Ongdup da Harka kuwa benci ɗaya suke zama cikin mawaƙa.

Sai shekarar tarzoma ta zo. Masu zanga-zanga suka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Ongdup ya ƙi, ya ce rigimar ba ta Lepcha ba ce. Da rana tsaka suka hauro unguwar da galan-galan na kananzir. Songmit tana shekara takwas, ta taga ta hango Harka ya ɗaga hannu ya nuna gidansu. Ongdup ya fitar da matarsa da 'yarsa, amma wuta ta ci bayansa, kwana shida ya yi a asibiti ya rasu. Unguwa ta yi shiru da maganar. Daga baya ma aka naɗa Harka dattijon coci, shi ke miƙa wa mutane ƙoƙon jibin Ubangiji.

Da Songmit ta dawo daga birnin Siliguri da aikin jinya, Dipen ta tarar ya zama malamin makaranta, bai yi aure ba. Kullum yana tashar mota yana jiranta da lema, ko ba a ruwa. In ta yi masa tsiya sai ya ce sararin samaniyar Kalimpong ba shi da amana, shi kuwa yana da ita. Ranar da ya nemi aurenta ta amsa nan take, zuciyarta cike da hoton hannun ubansa.

Abin da ba ta shirya masa ba shi ne daɗin zama da shi. Yakan zo mata a asibiti da momo mai zafi, wato curin fulawa mai nama a ciki, yakan zauna yana kwaɓa gaisuwar Lepcha don ya burge Amu, har ta yi dariya da hawaye. In ya ce wa Songmit "abar ƙaunata", sai ta kau da kai, don kada ya ga abin da ke idonta.

Fasto ya yi sanarwar aure Lahadin farko cikin ukun da ake yi, ya sake yi a ta biyu. Ranar Asabar Amu ta kira Songmit, ta ce ita ma ba ta yafe ba, shekara da shekaru tana karɓar ƙoƙo daga hannun mutumin nan maƙogwaronta na ɗaci. Amma yaron bai ƙona musu komai ba. Songmit ta ce ita ma ai ba ta yi wa kowa komai ba lokacin da aka mai da ita marainiya.

Lahadi ta uku coci ya cika. Fasto ya karanta sunayensu, ya tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana wannan aure. Dipen ya waigo yana mata murmushi. Songmit ta miƙe.

"Ni ce mai dalili. Ba zan shiga gidan mutumin da ya nuna gidanmu aka ƙone ubana ba. Ga shi can zaune a gaba. Da idona na gan shi, kuma da yawanku kun sani."

Gunaguni ya tashi. Wata ta ce Lepcha ba sa mantuwa, wani ya mayar mata da cewa 'yan Nepali ne ba sa jin kunya. Harka ya dafa sandarsa ya tashi.

"Gaskiya ta faɗa. Cewa suka yi in nuna gidan wanda ya ƙi fita, ko su ƙona nawa... Na nuna na abokina."

Ya durƙusa ta wajen Amu. Amu ba ta dube shi ba.

A bakin matakalar coci Dipen ya tare ta. Bai ɗaga murya ba, tambayarta kawai ya yi tun yaushe ta shirya wannan. Ta ce tun ranar da ya nemi aurenta.

"Duk ƙarya ne ke nan, Songmit?"

"Ba duka ba..."

"Ban san abin da ya yi ba. Da kin faɗa mini, ni da kaina zan tsaya a gefenki in tuhume shi. Amma sai kika zaɓi ki yanka shi da ni."

Ya sauka matakalar, bai waiwayo ba.

A makon aka sauke Harka daga dattijon coci. Mutanen da suka yi shekaru suna wuce Amu suka riƙa zuwa gaishe ta kai a sunkuye, aka kuma yi addu'ar tunawa da Ongdup karo na farko. Bayan wata biyu Dipen ya sami canjin aiki zuwa birnin Gangtok, ya sayar da gidan, ya ɗauki tsohon suka tafi. Songmit tana tsakar gida tana shanya lokacin da motarsu ta wuce. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ƙarar ta ɓace a kwana.

Amu ta fito ta tsaya kusa da ita. "Zuciyarki ta yi sanyi, 'yata?"

"Ta yi, Amu. Ko yau aka maimaita, zan sake miƙewa." Ta kifa kai a kafaɗar mahaifiyarta. "Amma ina sonsa... wallahi ina sonsa."

Amu ta riƙe ta, suka daɗe a tsaye a haka.