Ruwan Lagireton Balarabe

Gishirin fata ne ya kai Balarabe Abule Egba ranar. Buhu biyu kacal, aikin da mai amalanke zai yi, amma tun da ya sayi 'yar motar nan shuɗiya ko allura zai sayo sai ya tayar da inji. Dillalin fata ne a mayankar Agege. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya fara kwarara, mutumin da jiya yake tsugune yana kankare kitse da wuƙa ya wayi gari yana kaɗa makulli a yatsa. Motar ba ta fi akurki ba, ƙofa biyu gare ta, in ya shiga kansa na gogar rufi. Duk da haka daga cikinta yake yi wa masu tafiya a ƙasa kallon banza. In ya ga kududdufi kusa da mutane, da gangan yake taka totur.

A hanyar dawowa, rana ta yi ja, sai lagireto ya tafasa. Ya gangara gefen titi, gindin wata tsohuwar bishiya kusa da wani sito na siminti. Wani direban tasha ya taɓa ce masa in ruwa ya tafasa a zubar a sake sabo, shi ke nan tun daga ranar ya zama injiniya. Ya durƙusa yana laluben ɗan famfon da ke ƙarƙashi.

Maigadin siton, wani tsoho mutumin Maraɗi mai suna Harouna, yana zaune yana alwala. Ya ɗago hannu.

"Alhaji, dakata. Almuru ne. Ka yi bisimilla tukun, ka ce gahwara, masu wuri su janye ɗiyansu."

Balarabe ya dube shi sheƙeƙe.

"Tsoho, nan Legas ce. Lagireto ne wannan, ba tukunyar tuwon kakarka ba."

Ya murɗe famfon. Ruwan ya sheƙo cikin saiwoyin bishiyar, tururi ya tashi. A cikin ƙarar an ji wani ɗan siririn kuka, kamar na jinjirin kyanwa, sau ɗaya, ya yanke. Harouna ya daina alwala. Balarabe kuwa ya sunkuci bokitin tsohon, ya juye a lagireto, ya wurgar da shi ko sannu babu.

Da ya hau titi sai ya ji bayan motar ya yi nauyi. Ya ce gishiri ne.

Sai wari.

Warin nan ya san shi, sana'arsa ce: fata ɗanya da ruwan zafi ya taɓa, gashi na saɓulewa. Ya sauke gilashi. Warin bai fita ba, daga bayansa yake tasowa.

Inji ya fara ɗaga murya. Ya ɗage ƙafa daga totur, motar ta ƙara wuta. Ya sa babban yatsa ya zaƙulo totur ɗin, ya dawo sama, sannan a hankali ya sake nutsewa da kansa har ƙasa. Ya yi tsaki, ya zagi Sunusi bakanike har uwa. A zatonsa waya ce ta maƙale.

Ya taka birki. Birki ya tafi lagwab.

Ya murɗe makulli, ya zare shi gaba ɗaya, ya riƙe a hannu. Inji na ta ruri.

Ya ƙanƙame sitiyari. Rumfunan gefen hanya na wucewa fuu, masu tallan goro na watsewa, wani direban danfo, motar hayar Legas, ya leƙo yana ɗura masa ashar da Yarabanci. Daga nesa ana kiran salla, kiran na zuwa guntu-guntu.

Wani abu ya sauka a kan ƙafarsa ta dama. Ƙarami, jiƙaƙƙe, da zafi kamar garwashi. Ya danne ƙafar a kan totur.

"Taka," in ji wata murya a ƙeyarsa. Mace ce, da raɗa take magana. "Ba gudu kake so ba?"

Bai waiwaya ba. A madubi buhu biyu kawai ya gani, da wani lotsawa a kujera tsakaninsu.

"Wa... wace ce?"

"Ba ka tambaya ba lokacin da kake zubawa."

Kukan nan ya dawo, siriri, daga ƙarƙashin sitiyari.

Gaba kaɗan mahaɗar dogo ce. An sauke ƙarfen tare hanya, mai fitila na kaɗa ja. Jirgin shanu daga Arewa ya yi ƙaho, ƙasa ta fara rawa.

Sai a lokacin Balarabe ya tuna da Mahaliccinsa.

"Bismillahi," ya ce. "Gafara. Gafara dai."

Ta yi 'yar dariya ta hanci, irin wadda shi yake yi wa mutane.

"Yanzu?"

Taku ɗari. Taku hamsin. Yana ganin ƙahonin shanu ta ramukan taragu.

Ya banke ƙofa, ya fizge ƙafarsa. Ya ji fatar ta tsaya a baya.

Kwatar da ke ɗauko ƙazantar mayanka ce ta karɓe shi, jini da kashin tumbi har wuya, babbar rigar shadda da duk abin. Ya ɗago kai yana jiran ƙarar karo.

Ba a yi karo ba. Motar ta rage gudu a natse, ta tsaya daf da ƙarfen kamar ƙwararren direba ne a ciki. Inji ya mutu. Kujerar gaba ta kwanta, yadda ake kwantar da ita in na baya zai fita. Sannan ƙofar ta rufu a hankali.

Mutanen da ya saba watsa wa taɓo su suka tsamo shi, suna toshe hanci.

Washegari Sunusi ya kwance totur, ya duba waya, ya buɗe kafireto, ya gwada birki. Ya goge hannu ya ce, "Oga, motar nan lafiyarta lau." Ba a sami mai saye ba ko a rabin kuɗi. Tana nan a ƙofar gida, tayoyi sun sace, kuma Batulu matar Balarabe ta lura ko kaji ba sa shiga ƙarƙashinta.

Ƙunar da ke bayan ƙafarsa ba ta warke ba. Shatin ɗan ƙaramin hannu ne, yatsu biyar, kullum magariba sai ya sake yin ruwa. Takalmi ya gagare shi. Da sanda yake zuwa mayanka, kansa a sunkuye, ko guntun shayi ba ya zubarwa sai ya yi ta gafara kamar mai shiga gidan surukai.

Bayan wata biyu ya ɗingisa har Abule Egba da sabon bokiti. Ya durƙusa gaban maigadin, ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Harouna ya dubi bokitin, ya dubi ƙafar. Ya nuna gindin bishiyar da haɓa, inda ciyawa ba ta sake fitowa ba.

"Ai ba ni ka ƙona ba, Alhaji."