Ruwan Zafi a Garejin Hizam

Da Nashwan ya dawo Hamtramck sai ya tarar garin bai jira shi ba. Gidan burodin 'yan Poland da ke kwanar layinsu ya koma shagon abaya. An sare bishiyar ƙofar gida. Arwa, ƙanwarsa da ya bari tana tsallen igiya, yanzu ita ke tuƙa Umma zuwa asibiti. Umma kanta ta rage tsawo. Mahaifinsu Hizam kuwa yana maƙabarta tun sanyin bara, kuma Nashwan bai iso daga rijiyoyin man Dakota ba sai yanzu, an daɗe da watse zaman makoki.

Abin da bai sauya ba shi ne tsohuwar motar Hizam da ke gareji, ƙura ta rufe ta.

Umma ta bi maƙwabta gida gida tana cewa ɗanta ya dawo ke nan, ba zai ƙara zuwa ko'ina ba. Nashwan bai ƙaryata ta ba. Amma tuni wani aboki ya samo masa aikin jirgin kamun kifi can yamma, kuma hanyar duk duwatsu ce, ba a shigarta da mataccen birki. Don haka ya ɗaga motar, ya cire tayoyi, ya kwance ƙarafan nan da ke cije faifan birki. Tsatsa ta ci su. Ya wuni yana goge su da burushin waya, gwangwanin jan fenti na jira a gefe.

"Ja?" in ji Arwa daga bakin ƙofa, da kofin shayi a hannunta. "Yaya, motar tsoho za ka shafa wa jan baki?"

"Ajiye shayin ki ba ni wuri."

"Wa zai gan su a bayan taya?"

"Ni na san suna nan."

Fenti ba ya kama maiƙo, sai ya ɗauko babbar tukunyar Umma ta biki, ya tafasa ƙarafan da sabulu. Kafin ya tsame su rana ta faɗi, ladanin masallacin layin ya ɗaga murya. A tsakiyar garejin akwai ramin magudanar ruwa da Hizam ke rufewa da katako. Tun Nashwan yana yaro ya san dokar: ba a aiki a nan tsakanin magariba da isha, ba a shiga sai da sallama, ba a zuba ruwan zafi a ramin sai da bisimilla. Ya san ta sarai. Sauri kawai yake yi. Ya ture katakon da ƙafa, ya juye tukunyar.

Tururi ya tashi. A cikin tururin aka ji wata 'yar ƙara siririya, kamar an taka ɗan kyanwa. Daga nan shiru ya sauka, irin shirun da har kiran sallar ya zama kamar daga wani gari yake zuwa. Kofin shayin da Arwa ta sake kawowa ya suɓuce daga hannunta a bakin ƙofa.

Washegari da almuru aka fara jifa. Ba duwatsu ba ne, notukan tayar motar ne, waɗanda Nashwan ya tara a gwangwani ya rufe da hannunsa. Ɗaya bayan ɗaya suke faɗowa kan rufin gidan, su gangaro a hankali, su tsaya a bakin ƙofar ɗakin Arwa ta waje. Fentin da ya fesa ya ƙi bushewa. In gari ya yi tsit, sai a ji kukan jariri yana fitowa daga ƙarƙashin siminti.

Sannan hannun Arwa ya tashi, daga kafaɗa har wuyan hannu, ya yi bororo. Likita ya ce ƙuna ce ta ruwan zafi, ya tambaya ko wani ne ya yi mata. Ta daina cin abinci. Da magariba takan zauna a ƙasa, ta rungume abin da ba kowa ke gani ba, tana jijjiga shi tana waƙa da harshen da ba Larabci ba, ba Turanci ba.

"Me ka yi a garejin nan?" Umma ta tambaye shi da murya ƙasa ƙasa.

Ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafi ta tafi kiran Shehu Musanna, tsohon da ya yi aikin masana'antar motoci tare da Hizam kafin ya koma ga littattafai.

Shehu ya zo gab da faɗuwar rana. Ya sa aka zaunar da Arwa a tsakiyar falo, ya fara karatu bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Fitilar ɗakin ta rage haske da kanta. Can Arwa ta ɗaga kai, muryar da ta fito ta wata mace ce babba, wadda kuka ya dusar.

"Bar ƙona ni, tsoho. Ƙuna ɗaya ta ishe mu."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyar Hizam. Shekara da shekaru yana mana sallama muna amsawa. Bai taɓa zuba mana ko ruwan shayi ba. Ɗana barci yake yi a bakin ramin."

"Yana raye?"

"Yana raye. Fatarsa ce babu."

Nashwan ya jingina da bango.

"Yarinyar nan ba ita ta zuba ba," in ji Shehu. "Kin san zalunci ne."

"Ita ce abin da zai yi wa wanda ya zuba ciwo."

"Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku. Faɗi abin da zai raba ki da ita."

Idanun Arwa suka juyo a hankali har suka sauka kan yayanta. "Wanda ya zuba ya bar gidan. Kada ya ƙara kwana ƙarƙashin rufin nan."

Umma ta dafe ƙirji. Shehu ya girgiza kai. "Wannan ya yi yawa. Ba a raba gwauruwa da ɗanta namiji tilo. Zai ba ki haƙuri a bakin ramin, za mu…"

"Na yarda," in ji Nashwan.

Shehu ya juyo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Daga nan Arwa ta miƙe ƙafa, ɗan yatsan ƙafar ya yi karkarwa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin Umma. Fitila ta dawo.

A motar abokinsa ya kwana. Da safe ya tarar fentin ya bushe ƙarau, ja kamar garwashi. Ya mayar da ƙarafan, ya ɗaure. Saura fitar da iska daga man birki, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa: sai wani ya taka, wani ya buɗe noti a ƙasa. Arwa ce ta fito, hannu a naɗe da bandeji, ta shiga mazaunin direba ba tare da an roƙe ta ba.

"Taka. Riƙe. Saki," in ji Nashwan daga ƙasa.

Ta tagar kicin yana hango Umma tana ɗaure masa burodi da zuma, tana kuka, tana gaya wa wata a waya cewa ɗanta ya sadaukar da kansa saboda ƙanwarsa.

"Yaya," in ji Arwa daga sama, "ni ban tuna komai ba. Amma Shehu ya ce da ka yi shiru kaɗan, da maƙwabciyar nan ta karɓi ban haƙuri."

Ya tsaya da sifana a hannu, man birki na ɗiga a yatsunsa.

"Umma ta sani?"

"Ba zan gaya mata ba."

Ya mayar da sifana kan notin.

"Taka," ya ce.

Ta taka.