Surukin da Ya Sauka Kabari

Da sunan Wanda ke raya ƙasusuwa bayan sun rududduge.

A shekarar 1984 jami'ar Lyon ta kai ɗalibanta Turkiyya, su ga kufan Hittiyawa, al'ummar da ta shuɗe tun kafin Annabi Isa, alaihis salam. A ɗan gidan tarihin wani ƙauye kusa da kufan ne Salmanu, mai koyon tono kayan mutanen da, ya tarar da wata ɗaliba, Hassia, tana hawaye gaban wani gilashi. Tukunyar ƙasa ce a ciki, da ƙasusuwan jariri.

"Malama, ai shekararsa dubu uku da rasuwa."

"Shi ya sa za a bar shi a buɗe? Ba uwa ce ta haife shi ba?"

Da la'asar suka zaga kufan tare, ganuwa a zube, zakunan dutse na gadin ƙofar da ba mai shiga. Nan ta gaya masa mahaifiyarta na kwance a wata maƙabarta bayan Paris, cikin baƙi.

Da ta kammala karatu ta koma Paris, ya aika mata kati: "Sanyin idona, Lyon ta yi mini faɗi."

Ta mayar: "Malamina, daina kuka a takarda, zo unguwarmu Barbès ka gaida Baba."

Mahaifinta Alhaji Hassoumi, mai sayar da atamfa, ko kujera bai nuna masa ba.

"Na ji sana'arka. Mai tone kabari, mai shafa gumaka, ba zai ci tuwon gidana ba."

Shekara biyu suka haƙura. Sai wa'adin kabarin Hajiya, mahaifiyar Hassia, ya cika, domin a can aron ƙasa ake ba mamaci. Alhaji ya ƙudura mai da ita garinsu Damagaram, amma tunanin shebur ɗin ma'aikata ya hana shi cin abinci. Hassia ta buga wa Salmanu tarho, kuka ya hana ta ƙarasa magana.

Ya hawo jirgin ƙasa. Da aka buɗe kabarin, aka tarar akwatin ya ruɓe. Salmanu ya yi alwala, ya roƙi ma'aikatan su dakata.

"Don Allah ku juya baya, mace ce."

Ya sauka. Da yatsu yake kawar da ƙasa, kowane ƙashi da bisimillarsa, har ya tattara ta cikin likkafani, ya miƙa wa mijinta da hannu biyu.

Alhaji ya rungume ta, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗana, in ajalina ya same ni a ƙasar nan, kai za ka mai da ni gida. Turo magabatanka."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, ba kiɗa, sai goro da dabino. Amarya ta yi kukan rashin uwa, ango ya share mata da hannun rigarsa.

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sanya albarka a gidansu, Ya suturta mu a bayan ƙasa da cikinta.