Kwalba ta Ashirin da Huɗu

Da safiyar Litinin, Sufeto Ray Zammit bai ko kurɓi kofinsa ba aka tura shi wata cibiyar binciken jini a Melbourne, wai an yi kisa. Ya isa hawa na huɗu yana haki, sai aka nuna masa gorunan roba shida, ɗakin gwajin yana ta warin bilic, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

"Ina gawar?"

"Ga su nan, miliyoyi!" in ji Farfesa Drummond, shugaban ɗakin. "An zuba wa ƙwayoyin jinin da ke cikin gorunan nan bilic, an kashe mini su. Har na ajiya an zaro daga tankin sanyi an bar su sun narke. Aikin shekara huɗu!"

Ran Zammit ya ɓaci. Sau uku yana tambaya mene ne amfanin ƙwayoyin, sau uku Farfesa yana zuba masa kalmomin da ba su shiga littafin ɗan sanda. Kamarar ɗakin ta mutu tun Kirsimeti. Ƙofa kuma masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki sun tokare ta da kujera duk ranar Lahadi.

"Ai na san wadda ta yi," in ji Farfesa. "Seini, mai kula da ƙwayoyin. Ita ta shigo jiya. Na karɓe katinta na shiga ginin, gobe za a sallame ta."

Zammit ya sami Seini Taufa a ɗakin shayi, ta tara kayanta cikin kwali. Shekararta goma sha tara a wurin.

"Malama Seini, me ya kawo ki aiki ranar Lahadi?"

"Yallaɓai, su ƙwayoyin sun san Lahadi ne? Daga coci na biyo na ba su abinci, ƙarfe ɗaya na fita suna lafiya lau."

"Don Allah ki yi mini bayani irin na 'yan Adam."

"Fararen ƙwayoyin jini suna da ƙugiyoyi a jiki, intagirin. A naɗe suke. In cuta ta shiga sai su miƙe, ƙwayar ta maƙale a bangon jijiya ta fita yaƙi. Namu an gyara su, in ƙugiyar ta miƙe sai su yi hasken kore, mu gani. Da gobe ma za a aika su Brisbane, wasu masana su maimaita gwajin."

"Wa ya gyara su?"

"Dakta Pryor."

Dakta Lachlan Pryor dogo ne mai jan gashi, yana magana yana kallon kwamfuta.

"Jiya? Bakin teku na wuni, abokina. St Kilda."

Zammit ya dube shi. Jiya rana ta gasa garin har kwalta na narkewa, amma mutumin nan fari fat, ko hancinsa bai yi ja ba.

"Da wa?"

"Ni kaɗai."

"Teku kaɗai za ta ba da shaida ke nan."

"In ka iya yi mata tambayoyi, bismilla."

Ƙarya ce, Zammit ya sani, amma babu alƙalin da zai ɗaure mutum don rana ba ta ƙona shi ba. Ya koma ɗakin gwajin a fusace, ya rasa abin yi, ya sa safar hannu ya shiga jera ƙananan kwalaben da suka narke. Ya sa a kira Seini.

"Ashirin da uku," ya ce.

"Ashirin da huɗu ne. Ni na rubuta musu suna da hannuna."

"Malama, ba na jin zancen ƙugiya, amma na iya ƙidaya."

Ta ƙidaya da kanta, lallai babu ɗaya. Duk wanda ya zauna cikin masu binciken nan ya san cutarsu: firjinsu cike yake da kwalaben mutanen da suka bar aiki tun tuni, don babu mai zuciyar zubar da ta ƙarshe.

"Yallaɓai," ta ce a hankali, "wanda ya yi wannan bai iya kashe su duka ba. Ya ɓoye ɗaya. Kuma a ginin nan wuri ɗaya ne za ta rayu."

Aka tara ma'aikatan ɗakin gaban tankin sanyin, inda kowa ke da akwatinsa. Farfesa ya shiga ƙorafin cewa buɗe akwatin wani ba tarbiyya ba ce.

"Korar mutum ba bincike fa, tarbiyya ce?" in ji Zammit. "Matsa."

Seini ta jawo akwatunan cikin farin hayaƙi. A na Pryor, can lungu, ga kwalba ɗauke da rubutun hannunta.

Pryor ya zauna a ƙasa.

"Tun bara suka lalace," ya ce. "Haske suke yi ko ƙugiya ta miƙe ko ba ta miƙe ba. Na riƙa zaɓen hotunan da suka dace ina nunawa. Da sun isa Brisbane, mako guda asirina zai tonu. Na ajiye wannan ne ko zan iya gyara su."

"Ka kuma zuba ido a kori matar nan?" in ji Zammit.



Farfesa ya miƙa wa Seini katinta yana wani gyaran murya, kalmar haƙuri ta ƙi fita. Zammit da ke sa wa Pryor ankwa ya ji kamar ya haɗa da Farfesa.

Ana fita da Pryor, sai ya turje a bakin ƙofa. Kwalbar ya hango a kan tebur, ta fara gumi.

"Seini, za ta narke! Don Allah mayar da ita!"

Ta dube shi da idanu jajur don takaici.

"Tun bara nake ciyar da ƙaryarka har ranar Lahadi," ta ce. Ta ɗauki kwalbar ta mayar cikin tankin, ta rufe. "Ba don kai ba. Alƙali zai so ya gan ta da rai."